Gidan Blanchet: Zuri'ar da ta shekara fiye da 160 tana ƙera kayan kiɗa a Faris

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda ƙarancin data ko rashin sabis ya hana su sauraro. Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa na Wurno da Rabah da Goronyo.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, har birnin Faris na ƙasar Faransa, amma maganar ta gida ce, maganar sana'ar gado. Kun san dai yanzu idan aka ce "waƙar fiyano" kowa ya gane waƙar situdiyo ake nufi, wadda yaro ɗaya zai zauna gaban madannai da kwamfuta ya fitar da amon kalangu da na kotso da na algaita, bai taɓa fata ba, bai taɓa itace ba. Manyanmu na ƙorafin cewa fiyano ya kashe kiɗan gargajiya. To, ba a kanmu fiyano ya fara wannan aiki ba. Fiye da shekara 200 da suka wuce ya ture wani abin kiɗa a Turai, ya bar gidajen da suka gaji ƙera shi cikin tsaka mai wuya. Ɗaya daga cikinsu shi ne gidan Blanchet, ana furta sunan Bulanshe. Yadda suka tashi, yadda suka kai har fada, da yadda suka rayu bayan abin da suka iya ya daina ciniki, shi ne labarin da na zo muku da shi.

Bari in fara da abin kiɗan kansa, don in ba ku san shi ba labarin ba zai yi armashi ba. Faransawa na ce masa kilabsan, Turawan Ingila na ce masa hafsikod. Ni kilabsan zan riƙa cewa. Idan ka hango shi daga nesa za ka ɗauka fiyano ne: dogon akwatin katako mai siffar fiffike, a kan ƙafafu, da jerin madannai a gaba. Bambancin yana ciki. Fiyano, idan ka danna madanni, wata 'yar guduma ce ke bugun tsirkiya. Shi kuwa kilabsan ba bugu yake yi ba, tsinkar tsirkiya yake, kamar yadda mai molo ko mai gurmi ke yi da yatsa. A ƙarshen kowane madanni akwai ɗan siririn katako a tsaye, an maƙala masa ɗan ƙaramin harshe da aka yanko daga gindin gashin fiffiken tsuntsu, galibi na hankaka. Ka danna, katakon ya yi sama, harshen ya tsinki tsirkiya. Ka saki, ya sauko, wani ɗan ƙyalle ya kwanta a kan tsirkiyar ya kashe amon.

Babban kilabsan irin na Faransa yana da hawa biyu na madannai, kowane hawa madanni 61, da jeri uku na tsirkiyoyin ƙarfe da na tagulla. Ku lissafa da kanku, tsirkiya 183 kenan, kuma kowace da nata harshen gashin, wanda sai an fere shi da wuƙa ɗaya bayan ɗaya har ƙarfinsu ya zo daidai. Ɗaya ya fi sauran kauri kaɗan, kunne zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyin kuma akwai wani siririn allo da ke ƙara wa amo ƙarfi, shi ne ran abin gaba ɗaya, kamar dai fata a bakin ganga. Inda za a rage masa kauri da inda za a bar shi, wannan ba a rubuce yake ba a lokacin, a hannu yake da kunne. Shi ya sa sana'ar ta zama ta gado.

Wanda ya kafa gidan shi ne Nicolas Blanchet. An haife shi wajen 1660 a garin Reims, ya taso ya shigo Faris neman abin kansa, zamanin Sarki Luwi na 14. A 1689 aka karɓe shi a matsayin cikakken gwani a ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗa ta birnin. Don ku gane nisan lokacin, shekara 65 kenan kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754.

Wannan ƙungiya fa ba ta wasa ba ce. Tun 1599 take da dokokinta da sarki ya amince da su. Ba ka isa ka buɗe shago ka ce kai maƙerin kayan kiɗa ne ba sai ka yi shekaru kana yaron shago a hannun wani gwani, sannan ka ƙera wani abu da manyan sana'ar za su duba su ce ka iya, sannan ka biya kuɗi. Amma ɗan gwani ana sassauta masa. Haka kuma idan gwani ya mutu, matarsa na da damar ci gaba da riƙe shagon, wanda kuma ya aure ta daga cikin ma'aikata hanya ta buɗe masa. Ku riƙe wannan doka ta ƙarshe, za mu dawo kanta. Tsarin bai yi nisa da abin da muka sani ba, inda ake da Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Makaɗa, kowa da bakinsa a kan mutanensa, fada kuma ta san wanda za ta kira.

Nicolas ya horar da ɗansa François-Étienne, wanda aka haifa wajen 1695. A 1722 uban ya mayar da shi abokin tarayya a shago, ba yaro ba. Wannan abin lura ne, domin uban ya ƙara shekara 9 a duniya bayan haka, sai 1731 ya rasu. Wato bai jira mutuwa ta yi masa rabon gado ba, da ransa ya miƙa, yana gefe yana gyara kuskure. Akwai kilabsan na 1730 da ya rage har yau wanda ya fito daga shagon a wannan zamani na uba da ɗa.

A hannun François-Étienne na farko gidan ya yi suna. Babban mai tsara kiɗa na Faransa a lokacin, François Couperin, da ya mutu a 1733 an samu babban kilabsan na Blanchet cikin kayan da ya bari. Zuwa shekarun 1750 gidan ya zama shi ke ƙera wa fadar Sarki Luwi na 15 kilabsan, shi ke gyara su, shi ke saita su. Shagon yana wani titi mai suna Verrerie, ma'anarsa titin masu aikin gilashi, kamar ka ce unguwar maƙera ko marina a garuruwanmu.

Sai dai ga wani abin mamaki. Babban kuɗin da gidan ke samu ba daga sabon aiki kaɗai yake fitowa ba, har da gyaran tsoho. A birnin Antwerp, wanda yanzu ke cikin Beljiyam, an yi wani gida mai suna Ruckers da ya shahara da wannan sana'a tun ƙarshen ƙarni na 16 har cikin na 17. Attajiran Faris sun yi imani babu amon da ya kai na Ruckers daɗi. Matsalar ita ce kayan Ruckers ƙanana ne, yawancinsu madanni 45, kiɗan sabon zamani kuma ya fi ƙarfin haka. To sai masu sana'a irin su Blanchet suka ƙware a wani aiki mai haɗari: a kawo tsohon Ruckers mai shekara 100, a kwance shi, a faɗaɗa akwatin, a ƙara wa allon amo sabon katako a gefe ba tare da an lalata tsohon ba, a yi sababbin madannai, a yi masa fenti da ruwan zinariya. Idan aka gama, kuɗinsa ya ninka na sabo fil. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani, su kuwa da ita suka yi arziki. Kuma akwai wata riba da ba ta kuɗi ba: duk wanda ya kwance aikin gwanin da ya riga shi, ya ga yadda aka haɗa shi ta ciki, makaranta ya shiga.

Akwai kuma maganar aure. A 1752 ɗiyar François-Étienne, Élisabeth-Antoinette, ta auri Armand-Louis Couperin, daga wancan gida na Couperin da na ambata. Su Couperin gidan makaɗa ne na gado, sun riƙe kiɗan wata majami'a mai suna Saint-Gervais a Faris fiye da shekara 170, daga 1653 zuwa 1826. Ita kanta amaryar gwanar kiɗa ce, ta yi ta kaɗawa a bainar jama'a har tsufanta, ta rasu a 1815. Kun ga an haɗa gidan masu ƙerawa da gidan masu kaɗawa. Mai kaɗawa ya faɗi abin da kunnensa ke so, mai ƙerawa ya gwada a shago, duk a cikin dangi.

François-Étienne na farko ya rasu a 1761, ɗansa mai sunansa, François-Étienne na biyu, ya gaje shi. Har nan komai na tafiya yadda ake so, kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma shekara 5 kacal ya yi a kan shagon. A 1766 ya mutu yana ɗan shekara 30 da 'yan kai, ya bar mata da yaro ɗan shekara 3, Armand. A irin wannan gaɓa ce gidajen sana'a da yawa ke rufewa. Kayan aiki na nan, suna na nan, masu ciniki na nan, amma magaji bai iya ko riƙe wuƙa ba.

Wanda ya ceci gidan ba jininsu ba ne, ba ma ɗan ƙasar ba ne. Sunansa Pascal Taskin, an haife shi a 1723 a wani ƙaramin gari mai suna Theux, kusa da Liège, a Beljiyam ta yau. Baƙo ne da ya zo Faris ya shiga shagon Blanchet yana aiki a ƙarƙashinsu. A shekarar da maigidansa ya mutu, 1766, ya zama cikakken gwani a ƙungiya, ya auri matar marigayin, ya karɓi shago. Kun tuna dokar da na ce ku riƙe? Ita ce ta yi aiki a nan. Wani zai ce ai dabara ce ya yi don ya mallaki dukiya. Ko ma mene ne a zuciyarsa, abin da ya biyo baya a fili yake: ya riƙe maraya Armand, ya koya masa sana'ar ubansa da kakansa, ya kuma ɗaga shagon zuwa inda bai taɓa kaiwa ba. Ya yi wa Luwi na 15 aiki, ya yi wa Luwi na 16, ya zama mai kula da kayan kiɗan fada. Ya jawo 'ya'yan 'yan uwansa daga gida su ma ya koya musu.

A zamanin Taskin ne abokin gaba ya iso. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro fiyano a birnin Florence tun wajen 1700, amma ya daɗe bai karɓu ba. Abin da fiyano ya fi kilabsan da shi guda ne, amma babba ne. A kilabsan, ko ka danna a hankali ko ka danna da ƙarfi, amon kusan ɗaya ne, don harshen gashin tsinka ɗaya ya sani. A fiyano kuwa, yatsanka ne ke iko: ka lallaɓa ya yi raɗa, ka buga ya yi tsawa. Ku tuna yadda mai kalangu ke matse tsirkiyoyi a hammata ya sa ganga ta yi magana, ta hau ta sauka. Da kunnen mutanen Turai ya fara son kiɗa mai hawa da sauka irin wannan, kilabsan ya shiga uku.

Da farko manya sun raina sabon abin. Shahararren marubucin nan Voltaire, a wata wasiƙa ta 1774, ya kwatanta fiyano da kayan masu ƙera tukwanen ƙarfe idan aka jera shi da kilabsan. Taskin bai tsaya raini ba. A 1768 ya fito da wata dabara: ya ƙara jeri na musamman wanda harsunansa ba na gashin tsuntsu ba ne, na fatar ɓauna ne mai laushi, wadda ke shafar tsirkiya maimakon ta fizge ta, amon ya fito a sanyaye. Ya kuma saka wasu madannai a ƙarƙashi da mai kiɗa ke turawa da gwiwa, yana ƙara jerin tsirkiya ko ragewa hannunsa na kan kiɗa, don ya kwaikwayi hawa da saukar fiyano. Da ya ga duk da haka ruwan na ƙara yawa, sai shi ma ya fara ƙera fiyano tun cikin shekarun 1770, lokacin da wani saurayi mai suna Sébastien Érard shi ma ya fara nasa a Faris a 1777. Akwai fiyanon Taskin da ke ajiye a fadar Versailles. Wato mutumin da ya fi kowa iya tsohon abu bai ji kunyar zama ɗan koyo a sabo ba, yana da shekara fiye da 50.

Kada in nuna muku su kamar waliyyai. Kasuwar tsohon Ruckers ta jawo algus, domin masu so sun fi kayan yawa. Masu sana'a a Faris sun riƙa haɗa guntayen tsofaffin katakai da sababbi su liƙa tsohon suna. Akwai wani kilabsan a birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan wanda wani maƙeri Jean Goermans ya yi a 1764, ya kuma bi ta shagon Taskin wajen 1783. A tambarin da ke kan allonsa an taɓa harafin G an mayar da shi C, don a ɗauka aikin Couchet ne, wani dangin Ruckers da ya rayu fiye da shekara 100 kafin nan. Masu bincike ne suka gano daga baya. Duk wanda ya taɓa sayen waya "sabuwa a kwali" ya buɗe ya ga an taɓa kwance ta, ya san wannan ciwo ba yau aka fara shi ba.

Sai guguwa ta taso. A 1789 juyin juya halin Faransa ya ɓarke. A 1791 aka soke ƙungiyoyin sana'a gaba ɗaya, kowa na iya buɗe shago, katangar da ta kare gidaje irin na Blanchet kusan shekara 200 ta faɗi. Masu sarauta da attajiran da ke sayen kilabsan wasu suka gudu ƙasar waje, wasu aka kashe su, aka ƙwace dukiyarsu. Ranar 21 ga Janairu 1793 aka fille wa Sarki Luwi na 16 kai. Ranar 9 ga Fabrairu, ko mako uku ba a cika ba, Taskin ya mutu. A nan gida, saura shekara 11 kenan Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Gwamnatin juyin ta sa wani mai kiɗa, Bruni, ya bi gidajen da aka ƙwace ya rubuta kayan kiɗan da aka samu, cikinsu har da kilabsan masu yawa na Ruckers da Blanchet da Taskin, aka tara su a makarantar kiɗa ta Faris. Ana ba da labarin cewa a 1816 an faskara da dama daga cikinsu aka yi makamashi don ɗumama azuzuwa. Abin da sarki ke taƙama da shi jiya, yau ya zama itacen wuta.

To ina gidan Blanchet a cikin wannan? Ga inda riƙon da Taskin ya yi wa maraya ya biya. Armand, yaron nan ɗan shekara 3, ya girma da sana'a a hannunsa da kunne mai kaifi. Fada ta tafi, ƙungiya ta tafi, kilabsan na mutuwa, amma fiyano ma tsirkiya gare shi, kuma tsirkiya dole sai an saita ta. Ya ci gaba da ƙira da gyara da saiti, ya kuma wallafa ɗan littafi a ƙarshen ƙarnin kan yadda ake saita kilabsan da fiyano. Ku lura da wannan: ilimin da kakanninsa ke ɓoyewa a shago, shi ya zuba shi a takarda. Ya rasu a 1818.

Ɗansa, wanda aka sa wa sunan kakan gidan, Nicolas, ya haɗa jari da wani maƙeri mai suna Roller, suka kafa kamfanin Roller da Blanchet. A 1827 suka nuna wani ƙaramin fiyano mai tsayuwa a baje kolin masana'antu na Faris, wanda ake jinginawa da bango, ba ya cin ɗaki. Dabarar a nan ta kasuwa ce. Masu manyan fadoji sun ragu, amma an samu sababbin masu ciniki: malamai, likitoci, 'yan kasuwa, masu ƙananan ɗakuna da ke son 'ya'yansu su koyi kiɗa. Wajen wannan lokaci ne a nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kafa ribaɗin Wurno. Har cikin shekarun 1850 sunan Blanchet na kan fiyano a Faris. Daga 1689 kenan, fiye da shekara 160. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, su kuwa sun canza rawar ba su bar fagen ba.

Shi kilabsan fa, ya mutu kenan? Kusan shekara 80 ya yi a kwance. Abin da ya tashe shi, aikin Taskin ne. Wani kilabsan da ya ƙera a 1769 ya tsira. A 1882 wani mai gyara, Louis Tomasini, ya farfaɗo da shi, masu ƙera fiyano suka zo suka duba shi. A babban baje kolin Faris na 1889, wanda aka gina hasumiyar Eiffel dominsa, kamfanonin Érard da Pleyel da shi Tomasini suka nuna sababbin kilabsan. Daga baya, a 1949, wasu samari biyu a Boston ta Amurka, Frank Hubbard da William Dowd, suka buɗe shago da niyyar komawa ga yadda magabata suka yi. Ba su da uba a sana'ar, ba su da kaka. Tsofaffin kayan suka bi: suka auna, suka zana, suka kwaikwaya. Wancan na 1769, wanda yanzu ke Edinbura, ya zama ɗaya daga cikin kilabsan da aka fi kwaikwaya a duniya. Na Blanchet na 1733 yana gidan sarauta na Thoiry a Faransa, na 1765 kuma yana gidan tarihin kayan kiɗa na Hamamatsu a Japan. Abin da ya sa aka iya sanin wane ne ya yi wanne, su mutanen nan suna rubuta sunansu da shekara a jikin aikinsu, kuma idan gwani ya mutu hukuma na rubuta duk abin da ke shagonsa.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin ya fi damuna. Mu ma muna da gidajen kiɗa na gado, kuma ba ƙanana ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya gaji mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi kiɗa tare da wansa Abdu Kurna, ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah. Da aka kashe Sardauna a 1966 bai ajiye kotso ba, ya ci gaba da yi wa sarakuna da manyan mutane waƙa har rasuwarsa a 1991, 'ya'yansa suka ɗora. Sa'idu Faru ma gadon kotso ya yi. Waɗannan mun san su, muryarsu na cikin wayoyinmu. Amma kowane kotso da suka rataya, wani masassaƙi ne ya sare itace ya rarake shi, wani ya jeme fata, wani ya ɗaure ta ya shafa nake har amon ya zauna. Kowane kakaki da aka busa a ƙofar fada, maƙeri ne ya naɗe ƙarfen. Mawaƙi na ambaton ubangidansa, yana ambaton 'yan amshinsa, amma ganga ba ta ɗauke da sunan wanda ya yi ta. Ranar da hannun nan ya kwanta dama, idan bai koya wa kowa ba, babu takarda, babu awo, babu inda Hubbard ɗinmu zai fara.

Kuma ba a ce sana'ar hannu baƙuwa ce ga tarihin wannan yanki ba. Sarkin Musulmi Bello, wanda kabarinsa ke Wurno tun 1837, a littafinsa Usulus Siyasa ya lissafa kula da masu sana'a cikin ayyukan shugaba, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da masassaƙa, ya kuma ce a tabbatar kowane gari ya samu nasa. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa ta ƙetare Sahara tun da daɗewa, ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko. Ko a nan ma kun ga aikin namu ne, sunan na wani.

Abin da na ɗauko daga gidan Blanchet abu uku ne, kuma duka suna cikin labarin. Nicolas ya miƙa wa ɗansa shago da ransa. Da jini ya gaza, yaron shago baƙo ne ya riƙe gidan har magaji ya girma, wanda da an ɓoye masa sirrin aiki da gidan ya rufe tun 1766. Da kasuwa ta juya kuma, sun ɗauki kunnensu da hannunsu sun kai kan sabon abu. Wannan bai tsaya ga kiɗa ba, ya shafi ƙira da jima da dukanci da saƙa da rini da gini.

Saboda haka ga aikin da zan bar muku a wannan mako. In a gidanku ko unguwarku akwai dattijon da ke da sana'ar hannu, ku je ku gaishe shi, ku nemi izninsa, ku ce "Baba, a nuna mana." Ku ɗauki bidiyo tun daga zaɓen itace ko fata har gamawa. Ku tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan, ku rubuta sunayen da garuruwan. Ku auna tsawo da faɗi ku rubuta. In ya yarda, a ƙona sunansa da shekara a jikin abin da ya yi. Wayar da ke hannunku ta fi duk abin da magatakardan Faris suka mallaka a 1766. Ku kuma masu situdiyo, ranar da kuke son amon kotso na gaskiya, ku kira mai kotso ku biya shi, shi ma ya samu abin da zai kai wa masassaƙi.

Nan zan dakata. Wanda ya ji daɗin shirin ya tura wa ɗan uwansa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a hannun masu nema. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, na bar ku lafiya.